Furen Albasar Muntari

A duk ƙasar Sakkwato babu mai ƙaunar tsirrai kamar Malam Attahiru, jami'in gandun daji. Ranar da ya zo Aliero ɗaukar hoto, ya tsaya a gonar Muntari, inda albasar iri ta yi fure fari fat.

"Baba, iska na kaɗa su, hoto ba ya hita. Yanko min su."

"Ranka shi daɗe, irin baɗi na, bai ƙosa ba."

"Shi yas sa sunka hi kyau."

Muntari ya yanke su duka, ya riƙe masa a inuwa, aka ce ya sunkuya kada fuskarsa ta ɓata hoton. Da mota ta tashi, ya shanya furannin a rana, alhali ya san babu ƙwaya a cikinsu.