Zabuwar Ramlatou

Tun lokacin sanyi 'yata Ramlatou da abokan karatunta suke ƙera wata ƙatuwar zabuwa daga tsofaffin kekuna. Da ƙafa ake tuƙa ta, a titi da cikin ruwa, wai za su kai ta gasa a birnin Baltimore, nan Amurka. Ni dai abu ɗaya na sani: yarinyar nan ba ta iya iyo ba.

Ranar gwaji, a tafkin wata gonar dawaki a Summerfield, na zo da babban gora da na samo a shagon Alhaji Boukari. A garinmu Gaya, irinsa muke runguma mu ƙetare kogi.

"Haba Baba, ga rigar hana nutsewa a jikina!"

"Ban san wanda ya ɗinka ta ba. Gora kuwa na san shi."

Ƙawarta Confidence ta kwashe da dariya. "Baba ya kawo wa zabuwarmu ƙwai!" Suka ɗaure shi ƙarƙashin wutsiya, can inda hannun Ramlatou ba zai kai ba.

Zabuwa ta gangara ruwa, ta karkata hagu. Na bi gaɓa, na dawo, na sake bi, ina ta salati. Da ta sake karkata a tsakiya, ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, da takalmi da komai.

Ramlatou ta waigo, ba ta daina taka feda ba.

"Baba, ka koma! Kai ma fa ba ka iya ba!"

Na tsaya nan, ruwa iya ƙirji, har sai da suka hau tudu.