Katako a Kan Tayoyi

Wasiƙar da ta zo daga Ankara, babban birnin ƙasa, gajera ce. Yarinya ɗaya tak ake so daga makarantar Madam Memunatu don gwajin shiga ƙungiyar 'yan wasan alkafura, kuma sunan ya isa kafin Juma'a. Ga shi yau Laraba, ita kuwa yara biyu gare ta.

Shekara uku ke nan tana koyar da su a bayan azuzuwa a unguwar Zogbeli ta Tamale, a kan busasshiyar ƙasa da tsofaffin katifu biyu. Kowacce da gwanarta cikin zakarun duniya da suke kallo a wayar Madam. Farhana ta riƙi gajeriyar, mai cinyoyi kamar turmi, wadda in ta doki ƙasa sai ta yi sama ta juya sau biyu kafin a ƙifta ido. Zuleiha kuwa doguwar take bi. Waccan ba ta tashi can sama, amma yatsun ƙafarta a miƙe suke, in ta dira kamar an ajiye ƙwai a faifai.

"Taki ai rawa take yi," in ji Farhana kullum.

"Taki kuma buhun masara ce aka wurgo daga mota," Zuleiha ta rama.

A zuciyar Madam, Farhana ce. Yarinyar da ke juyawa sau ɗaya da rabi a kan ƙasar Tamale mai tauri kamar dutse, wa zai tsaya gabanta? Sai dai akwai abin da ya hana ta sukuni. Sau ɗaya ta taɓa shiga zauren Ankara, kuma ta ji yadda daɓensa ke lotsawa ya cilla mutum sama. A kan irinsa gwanayen wayar suke tashi. Yaranta ba su taɓa taka shi ba.

Don haka ta tafi unguwar Sabonjida wurin wanta Abdul-Karim, mai aikin kafinta, ya haɗa mata kwatankwacin daɓen. Ranar Alhamis bayan la'asar ya iso da falankan katako masu faɗi da tayoyi shida a keken yalo-yalo mai ƙafa uku, yana mita.

"Memunatu, ke da karatunki duka, yau gadon awaki kike sa ni yi?"

"Yaya, buga ƙusar kawai."

"Wacece mai ƙarfin? Wannan?" Ya nuna Farhana. "Ke dai, rubuta sunanta mu tafi gida. Ko makaho ya san wadda ta fi."

Ya jera tayoyin, ya ɗora katakon, aka shimfiɗa katifa a ƙarshe. Zuleiha ce ta fara. Ta taka a hankali, ta ji yadda yake motsi, ta koma baya ta rugo. Juyi ɗaya ta yi, ba wani tsayi, ta dira ƙafafu a haɗe. Ta sake, haka. Ta sake, haka dai.

"Shi ke nan?" Abdul-Karim ya tambaya. "Ni ma zan iya wannan in na sha koko."

Farhana ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta rugo da duk ƙarfin da ta saba. Katakon ya cilla ta har Madam ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa ganin yarinya ta kai can ba. Amma juyin ya zarce, ƙafafun suka wuce, ta faɗi da baya tim a bakin katifa.

"Rage ƙarfi!" Madam ta yi tsawa. "Katakon zai taimake ki, ba sai kin yi faɗa da shi ba!"

"To, Madam."

Ta biyu ta rage, sai ta kasa cika juyin, ta sauka kan gwiwoyi. Ta uku ta zarce. Ta bakwai ma ta zarce. Jikin da ya shekara uku yana kokawa da ƙasa ba ya jin magana a yini ɗaya. Madam ta ji kamar ta kama tayoyin ta yi jifa da su. Wa ya koya wa yarinyar dukan ƙasa haka in ba ita ba? Wata ɗaya kacal, da ta samu wata ɗaya, da Farhana ta ba mutanen Ankara mamaki. Gwajin kuwa Asabar mai zuwa ne, kuma can in ta faɗi a kan wuyanta, ba katifar da za ta tare ta inda ta saba.

"Madam, sau ɗaya kuma," Farhana ta ce.

"Ya isa."

Madam ta ɗora takardar Ankara a kan cinyarta, ta rubuta sunan Zuleiha, tana danna biro har ya kusa huda takardar. Zuleiha ba ta yi murna ba, ƙasa kawai ta kalla. Farhana ta tsaya tana kakkaɓe gwiwa.

"To a bar mini katakon," ta ce. "Zan riƙa zuwa bayan an tashi."

Madam ta dubi wanta. Abdul-Karim ya sosa ƙeya, ya riga ya ɗauko abin zare ƙusa.

"Tayoyin na mai faci ne, Memunatu. Kafin magariba ya ce in mayar."