Ranar da Inna Ta Rage Ƙarar Rikoda

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna da 'yan kwanaki, Yaya Uwaisu ya shigo gidana da tsohon buhun taki a kafaɗa, ya sauke shi a tsakar gida kamar wanda ya kawo min dawa. Na buɗe na ga kaset-kaset ne, na rikoda da yawa, na bidiyo guda ɗaya, duk suna warin adaka. A ƙasan adakar Inna aka same su, ƙarƙashin zannuwan da ta yi ta ajiya ba ta taɓa ɗaurawa ba. Ƙanwarmu Humaira ce ta rubuta masa a waya cewa na iya juye irin waɗannan a kwamfuta. Iyawar tawa ba ta wuce ta malamar firamare mai son taɓe-taɓe ba, amma a gidanmu duk wanda ya iya kunna kwamfuta injiniya ne.

Ya zauna a kan turmi ya dube ni, ya yi magana da muryar nan tasa mai ƙarfi, ta wanda ba ya jin kansa. "Aina'u, ki saurara min. Ki ji ko akwai inda Inna ta faɗi sunana."

Yaya Uwaisu shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna Kaltume ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Mata da yawa a ƙauyenmu suna yin kunyar, amma su kan sassauta idan yaro ya girma. Ita har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Wancan" ne, ko "yayanku", in ta ji daɗi kuma "mutumin". Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu Hure, can ya tashi, katanga ɗaya tsakaninsa da uwarsa. Mu da muka biyo baya mun sha goyo mun sha kira, ni har sunan tsokana gare ni guda biyu. Shi kuwa in ya yi sallama ya shigo, Inna za ta sami abin dubawa a cikin tukunya.

Kunnuwansa kuma sanƙarau ne ya fara taɓa su yana ɗan shekara goma sha biyu. Na hagu ya tafi tun a lokacin, na dama ya yi ta lallaɓawa har shekarun baya kaɗan, sannan shi ma ya rufe ruf. Yanzu baki yake karantawa, abin da ya gagara a rubuta masa a waya. Noma da awon hatsi a kasuwar Ɗambatta bai fasa ba, don dawa ba ta bukatar a ji ta. Wato ko da sunan yana cikin buhun nan, ba shi zai ji ba. Sani kawai yake so ya yi. Abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausayi, mutum da furfura a gemu yana neman kalma ɗaya a cikin buhun taki.

Aikin ya fi yadda na zata wahala. Tsohuwar rikodar Babanmu, Malam Dabo, tana nan, amma robar da ke juya kaset ta narke ta zama kamar ƙaro, sai da mai gyaran rediyo a bakin tasha ya sa mata wata. Na goge kan da ke karanta zaren da auduga da sifirit, na sayo waya mai baki biyu, ɗaya a ramin abin sauraro na rikoda, ɗaya a kwamfuta. Wasu kaset ɗin sun yi funfuna, wasu sun liƙe, sai na sa biro na juya su a hankali daga farko har ƙarshe kafin in yarda in ba rikoda su. Wanda ya tsinke na haɗa da salatif. Babu gaggawa a ciki, kaset na awa ɗaya awa ɗaya zai ci, kana zaune kana ji, kwamfuta kuma tana zana sautin a fuskarta, layi mai tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Damina ce, hadari yana yawan rufe rana, batirin sola ba ya kai ni ko'ina. Sai na mai da shi aikin bayan azahar, in na taso daga makaranta.

Yawancin kaset ɗin tafsirin azumi ne da Baba ya ɗauka daga rediyo. Sauran kuwa saƙonni ne. A shekarun da Baba yake zuwa cin rani Kudu wajen fataucin goro, ba wayar hannu, sai a taru a ɗaki a danna jan maɓalli kowa ya yi gaisuwa, a ba direban babbar mota ya kai masa. In zai dawo ya dawo da su. A nan na ji muryar Inna tana da ƙuruciya, siririya, tana dariya, muryar da ni kaina ban san ta da ita ba. Ranar farko ban iya ci gaba ba, na kashe na shiga ɗaki na yi kukana.

A kowane saƙo tsarinta ɗaya ne. Ta gaida Baba ba tare da ta kama sunansa ba, ta faɗi yadda gero ya yi, ta faɗi akuyar da ta haihu, sannan ta jero mu. Aina'u tana gaishe ka. Humaira tana gaishe ka, ta fara haƙori. Daga ƙarshe sai ta ce, "Wancan ma yana nan lafiya." A wani kaset har Hure ta tsokane ta daga gefe, wai wane wancan, ƙauyen nan cike yake da wancan. Inna ta ce ai an gane.

Kullum bayan la'asar Yaya yakan biyo daga gona, laka har gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni. Ni kuma in girgiza kai. Ya ce to, ya sha ruwa ya wuce. Kaset ɗin bidiyon na bikin Humaira ne, na aro na'ura wajen wani mai ɗaukar biki da ya daina sana'ar, muka kalla tare tunda wannan ido ne ke aiki. Hoton yana rawa, launin ya koɗe. Aka nuno Inna a cikin mata, sai ga Yaya ya zo ya durƙusa kusa da ita zai gaya mata wani abu, ta ja mayafi ta juya fuska gefe. Ya yi murmushi ya ce ai ya tuna ranar. Murmushin nan ya fi min kuka ciwo.

Da buhun ya kusa ƙarewa, zuciyata ta fara raya min in ce masa na ji kawai. Wa zai ƙaryata ni? Ban ma buɗe baki ba ya gane, don labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa fuska ce littafinsa. Ya ce in babu in ce babu, bai zo neman sadaka ba.

Kaset ɗin da ya rage na kusa da ƙarshe ba a rubuta komai a jikinsa ba. Na sa shi wata Alhamis da rana, ina tsince shinkafa ina saurare da rabin kunne. Muryar Inna ce, amma babu dariya. Tana gaya wa Baba cewa ciwon sanƙarau ya shigo gari da zafin nan, an rasa yara a unguwar gabas, kuma wancan yana kwance, wuyansa ya sandare, an dawo da shi ɗakinta saboda Hure ba ta iya ɗaga shi. Ta ce in da hali ya taho. Na gane wannan saƙon bai taɓa tafiya ba, don an sha ba mu labari cewa Baba ya ji a bakin wani direba ya kamo hanya tun kafin a aika.

Ta gama magana, sai na ji ƙarar ɗan abin nan da ake murzawa. Na san wannan hannun. Har ta tsufa, in aka ce Inna ta kashe rediyo, sai ta murza ƙara ta kai ƙasa, in ya yi shiru a wurinta ya mutu. Mun sha yi mata faɗan cinye batir. A ranar ma haka ta yi, ta rage ƙara ta tura rikodar gefe, jan maɓallin yana danne, zaren yana ta juyawa.

Na ajiye farantin shinkafar. Ana jin zabi a waje, ana jin daka daga maƙwabta, ana jin numfashin yaro mai nauyi. Sai motsin ruwa a ƙwarya, kamar ana matse tsumma. Layin da ke kan kwamfuta ya kusa kwanciya, sautin ya yi ƙasa sosai, sai da na ƙure ƙara na manna kunne. Salati take yi. Ta yi ta yi, sannan muryar ta karye.

"Ya Allah, ka bar min Uwaisu. Ko me za ka ɗauka ka ɗauka, ka bar min Uwaisu."

Ba ta faɗe shi kamar baƙon suna ba. Ya fito mata sumul, irin na bakin da ya saba. Can sai aka yi sallama, muryar Hure tana tambayar ya mai jiki. Inna ta gyara murya ta ce, "Ga shi nan dai, wancan ɗin ya samu barci." Jim kaɗan zaren ya ƙare, rikoda ta yi ƙas.

Na adana shi a kwamfuta, na sake adanawa a katin memori. Da Yaya ya zo bayan la'asar ban girgiza kai ba, ban kuma iya gyaɗawa ba, sai hawaye. Ya shigo ya zauna a tabarma bai ko wanke ƙafa ba. Na ce masa ta faɗa. Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya tambaye ni ta yaya zai san ba tausayinsa na ji ba.

Na jawo kwamfutar gabansa. Na buɗe wurin, na faɗaɗa layin har kalmar ta cika fuskar, 'yan tudu uku, na tsakiya ya fi tsayi. Sannan na matso da bakina na ɗauki muryata ina cewa Uwaisu, yana kallon leɓena, na ajiye nawa zanen a ƙarƙashin na Inna. Ba su zama ɗaya sak ba, nawa ya fi kauri, amma tudun uku ne, na tsakiya ya fi tsayi. Ya dubi na sama ya dubi na ƙasa, ya sake duban na sama. Ya kai yatsa zai taɓa, ya ga laka a jiki, ya goge a rigarsa tukuna.

Ya tambaya da wa take magana. Na nuna sama. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce dama kunya da mutane ake yin ta. Sannan ya ce in rubuta masa duk abin da ta ce, kar in rage ko harafi. Na so in tsallake tsakiyar, don ina tsoron yadda za ta zauna masa, amma na riga na san ba a yi masa ɓoyo. Na rubuta a wayarsa na miƙa.

Ya karanta. Na ga ya koma farko ya sake karantawa. Hannunsa ya tafi kunnensa na hagu ya tsaya a can, kamar mai taɓa tabon da ya manta da shi. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba tun da ya kurmance.

"Ashe roƙo ni aka yi a wurin Allah," ya ce. "To ai bai ɗauki da yawa ba."

Na haɗa kwamfutar da babbar sifika na ƙure ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan ragar. Na kunna. Muryar Inna ta cika tsakar gidan, har kajina suka watse, shi kuwa abin da ya samu ɗan kaɗawa ne a tafin hannu, sau uku, ya wuce. Ya ce in sake. Na yi ta sakewa yana rufe da ido har batirin ya yi ja.

Da zai tafi na ce zan tura wa Humaira da sauran dangi duk abin da na juye, kowa yana jira. Ya ce in tura tafsirin da gaisuwar da bikin, amma wannan in yanke shi daga inda ta murza ƙara. Ya ce shekara da shekaru ta rufe abinta, ba da mu take magana ba, ba zai zama shi ne ya tona ta a wayoyin mutane ba. Hoton tudun ukun kawai ya ce in sa masa a tasa wayar.

Na sa masa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa, ya sa wayar a aljihun gaba, ya ɗauki fartanyarsa. Ya kai zaure na tuna bai sha ruwa ba, na ɗaga murya na kira sunansa, har sau biyu, kafin na tuna.