Limu Mai Ƙuraje

A gaɓar kudancin tsibirin Moloka'i, in aka ambaci Luika, wasu sai su ce ba mai hannu irin nata wajen tsinkar limu, jar ciyawar nan ta teku da ake yayyankawa a kan ɗanyen kifi. Wasu su ce taurin kai ne zai kai ta kabari. Amma duk a wuri ɗaya suke tsayawa: shekara shida ke nan ko sannu ba ta ce wa 'yarta Nohea ba.

Ranar da aka binne mijin Luika abin ya faru. Nohea ta zo daga birnin Honolulu, ta tarar gida cike da masu ta'aziyya, ta tuna yadda ubanta ke son limu da dakakkiyar gwaza. Ba ta tambayi kowa ba ta ɗauki bokiti biyu ta gangara inda kakanninta ke tsinka. Ta tumɓuke shi kakaf, har gindin da ke manne da dutse, har masu baƙaƙen ƙuraje, waɗanda su ne matan, iri na cikinsu. Ta wanke a famfon gida, irin ya bi kwata. Da Luika ta ga ƙuraje a kwano sai ta ture shi.

"Biyu na binne yau," ta ce. Daga nan ta kama bakinta.

Wurin bai sake tohowa ba. Wani limu kakkaura mai gautsi ya mamaye duwatsun. Malaman jami'a sun ce dangi ɗaya ne da limun asali, daga wata ƙasa ya zo. Luika ta ce ai ta san irin wannan dangin, masu zuwa cin gado.

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyarta Meleana ta leƙo.

"Ke tsohuwar banza, kina nan kina gadin fushinki?"

"Ya fi gadin gidajen mutane da kike yi."

"To, yawon ya yi rana. Wata takwas ke nan duk Asabar 'yarki na cikin ruwa. Ta dawo garin nan gaba ɗaya, ta hana a gaya miki. Ni kuwa bakina ba ya riƙe komai, kin sani."

Luika ta miƙe. Sannan ta lalubo sandarta, don idanunta sun dushe, ta bi hanyar da ƙafarta ba ta manta ba.

Ruwa ya janye. A kan yashi ta yi tuntuɓe da tarin kakkauran nan, an ciro shi an bar wa rana. Ta shiga har gwiwa, ta sunkuya ta shafa ƙasa. Dutse ta taɓa, an naɗe shi da igiya, an kitsa 'yan rassan limu a jikinta don su kama. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma. Kitson ya yi tsauri, irin na wanda a takarda ya koya.

"Mama," in ji Nohea daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Rabi sun mutu. Ban san inda nake kuskure ba."

"Kin shaƙe su. Wa ya koya miki kitso, mai ɗaurin jirgi?"

"Ba kowa."

 Luika ta tuna Nohea 'yar shekara bakwai tana bin ta da ƙaramin kwando, ita kuma tana korar ta: koma ki yi karatu, kada ki ƙare kamar ni, hannu duk tsaguwa. Ba ta taɓa barin ta ta jiƙa ƙafa a nan ba. Da takardar ɗaukar Nohea a makarantar Honolulu ta zo, har rawa ta yi.

Ta kamo yatsun 'yarta, ta ji sun tsattsage kamar nata. Ta ɗora su a kan wani reshe.

"Kin ji ƙurajen nan? Uwa ce, ba a taɓa ta. Sauran da farce ake tsinka, daga sama, a bar gindi. A nan ake wankewa, a murza a kan dutse, abin da ya zube ya koma gida."

"Da na sani, Mama..."

"Ina za ki sani?" Luika ba ta saki hannun ba. "Ni na hana ki ruwan, sannan na hukunta ki a kan abin da ban koya miki ba. Nohea, na zalunce ki. Ki yafe mini."