Taubashi a Jirgin Shamuwa

Bilyaminu ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki a tsakiyar kafaɗar wata riga, ya fizgo takardar simintin da yake yankan samfuri da ita, ya hau rubutu kamar wanda ake kora. Yana rubutu yana murmushi shi kaɗai, har da buga cinya.

Baba Mode, tsohon telan da suke shago ɗaya a kasuwar Bodinga, ya leƙo shi ta saman tabarau.

“Rigar mutane ta ka bari rataye, ko ko aljannun naku na sama sunka kira?”

“Baba, na samu. Wallahi yau na samu.”

Abin da ya samu ɗin yana buƙatar bayani. Duk Lahadi bayan Azahar su huɗu suke haɗuwa a zauren Malam Kamal a Shagari. Malamin kimiyya ne, ya dawo daga bautar ƙasa da wani littafin wasa mai kaurin bulo. Wasan ba kati, ba ko sisi a cikinsa. Malam ne yake jan labari, sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, in wani ya ce zai yi abu mai wuya sai ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, shi zai yanke hukunci. Wata takwas ke nan suna yawo tsakanin taurari a wani jirgi da suka raɗa wa suna Shamuwa. Lawali ne matuƙi, Sha'aibu injiniya, Bilyaminu kuwa soja, don shi ya rage a littafin in ban da likita.

Sojan nan sau uku yana mutuwa. Na ƙarshe makon jiya ne, a ƙofar 'Yan Toka, wasu halittu masu hannu shida da suka hana Shamuwa ruwa. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa an ba shi bindiga, ai dole. Ranar Bilyaminu ya roƙi Malam ya bar shi ya ƙirƙiro ƙwarewarsa ta kansa, wadda babu a littafi. Malam ya yarda da sharaɗi biyu. Za ta kasance da baiwa uku da rauni ɗaya kamar sauran, kuma ba za ta shiga wasa ba sai duk wanda yake tebur ya amince. In mutum ɗaya ya ce a'a, Bilyaminu ya koma soja na huɗu.

Kwana shida ya yi yana yaga takarda. Sai yau da safe wani Bafulatani da wani Babarbare suka tsaya a bakin shagon suna yi wa juna wankin babban bargo, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, suka rabu suna dariya. Abin ya faɗo masa kai tsaye.

“Taubashi na, Baba,” ya ce, ya miƙe tsaye da takardar. “Duk jirgin ga ba mai iya magana da baƙi sai da harsashi. To ga wanda za shi shiga da baki. Baiwa ta hwarko, tsokana. In yag gamu da baƙin halitta, kahin a ɗaga makami sai shi jehe su da ba'a, in ɗan lido ya wuce sha biyu, ba mai taɓa kowa. Ta biyu, shiga ba sallama, har madahinsu, ya ci abin da yat taras. Ta ukku, ƙwace hula. Shina ɗaukar abu guda na shugabansu, ba mai ce mai ɓarawo.”

Baba Mode ya ajiye almakashi. Wata da watanni yana jin labarin wasan nan da kunne ɗaya, yau ne ya juyo da kujerarsa.

“To raunin hwa?”

“Ba shi son sanyi.”

Tsohon ya yi dariya har da tari. “Wanga ba taubashi ba na, ɗan iska na mai mura. Kai ɗana, taubashi ba bakinai a ƙarhinai ba, cikinai na. Ka hwaɗa, a hwaɗa maka, ka haɗiye. Ka ɗauki hula, a ɗauki taka. Kai ko ka hi kowa sani.”

Bilyaminu ya zauna a hankali. Ya san inda aka dosa, kuma bai ji daɗi ba.

Sha'aibu ɗan Goggo Ladi ne, ƙanwar babansa, wato taubashinsa na jini. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma gaskiya Bilyaminu ne ya fi farawa. Wata biyu da suka wuce ya ɗinka wa wani abokinsu kayan angonci a Dingyadi. Ango ya durƙusa gaban surukai, wando ya ɓarke daga tsakiya da ƙarar da har mata suka ji daga cikin gida. Kafin a watse Sha'aibu ya laƙaba wa telan suna Ɓarkau, yara suka ɗauka. Bilyaminu ya yi fushi a gaban jama'a, abin da ba a yi da taubashi, ya bar abincinsa ya tafi. Wanzami dama ba ya son jarfa. Tun ranar ba su ƙara magana ba sai ta bakin soja da injiniya, kuma a yau amincewar wannan Sha'aibun yake nema.

Ya daɗe yana kallon takardar. Daga nan ya soke maganar sanyi, ya rubuta layi biyu a ƙasa, ya ninke ya saka a aljihu.

A mota zuwa Shagari sau uku yana ciro ta. An matse shi tsakanin wata tsohuwa da buhun albasa, amma shi yana can gaban 'Yan Toka yana gwada ba'a iri-iri a ransa, yana zaɓa yana zubarwa. Da wata ta yi masa daɗi ya tuntsire, tsohuwar ta ja jikinta ta fara salati.

Ya tarar da su sun shimfiɗa tabarma, ƙaramin tebur a tsakiya, taswirar taurarin da Malam ya zana a bayan kalanda a kai. Ya gaisa da Malam, ya tafa da Lawali. Sha'aibu yana gefe yana goge bakin mai daga yatsunsa, don daga garejin gyaran babur ya taho. Suka ɗaga wa juna kai kamar maƙwabtan da suka yi shari'ar gona.

Bilyaminu ya karanta baiwa ukun a tsaye cikin zumuɗi. Tun kafin ya kai ta biyu Lawali ya fara zillo a zaune.

“Har madahi? Malam, ni na yarda. Wata takwas muna cin busasshen abincin jirgi.”

Malam Kamal ya karɓi takardar ya bi ta da yatsa. Mutum ne mai son ƙa'ida, ko a wasa ba ya yarda a ci bulus. “Baiwar tana da ƙarfi, Bilyaminu. Ta ma fi ta soja. Mu ji raunin.”

“Shina nan ƙasa, Malam.”

Malam ya karanta a fili. Duk abin da aka mayar wa Taubashi, mai riƙe da shi ne zai haɗiye a nan tebur, ba ɗan lido, fuskarsa za a duba. In ta nuna fushi kafin a ƙirga goma, baiwa ukun sun zube. Kuma kamar yadda ya ɗauki nasu, su ma za su ɗauki abu ɗaya nasa, wanda suka ga dama.

Malam ya cire tabarau. “Wannan ban taɓa ganin irinsa a littafi ba. Rauni a jikin ɗan wasa, ba a takarda ba.” Ana ganin abin yana yi masa daɗi. “Sha'aibu, saura kai.”

“Ban yarda ba,” in ji Sha'aibu, ko ɗago kai bai yi ba. “Abin ya yi kyau. Mai riƙon nai na ba shi iyawa.”

Kwana shida, da yagaggun takardu, da rigar mutane da ya bari a rataye, duk za su tafi a kalma uku. Bilyaminu ya buɗe baki, Malam ya ɗaga hannu.

“To mu gwada. Yau ba ni ne Sarkin Toka ba, Sha'aibu ne. In Taubashi ya tsaya, ka yarda?”

Sai a lokacin Sha'aibu ya ɗago. Idonsa ya yi wani irin haske da Bilyaminu ya sani tun suna kiwon awaki. “In yat tsaya, na yarda.”

Malam ya gyara murya, ya sauke ta ƙasa yadda yake yi in labari ya fara. Ruwan Shamuwa saura na kwana ɗaya. Jirgin ya sauka a fili mai toka har gwiwa, rana biyu ja wur a sama. Ƙofar dutse ta buɗe, mayaƙa ɗari suka fito, kowa da mashi shida masu wuta a baki. A bayansu ga rumbun ƙanƙara, a gabansu ga sarki. Lawali ya riƙe gefen tebur kamar sitiyari, ya ce injinsa a kunne yake in ta ɓaci.

“Na hita ba makami,” in ji Bilyaminu. “Hannu cikin aljihu.”

Ya juya ya dubi Sha'aibu ido cikin ido, karo na farko a wata biyu.

“Ranka shi daɗe, Sarkin Toka. Hannu shidda gare ka, amma na ga ko guda bai san hanyar bayan kunnenka ba. Kuna zamne bisa ƙanƙara kaka da kakanni, ba wanda yat tuna a narka ta a yi wanka? Tun daga wata muka jiyo ku.”

Lawali ya kife da dariya. Malam ya miƙo ɗan lido yana danne dariya. Bilyaminu ya hura masa iska, ya jefa. Ya gangara, ya bugi kofin shayi, ya yi kamar zai tsaya a huɗu, sai ya juya. Sha uku.

“Mayaƙa sun sauke mashi,” in ji Malam. “Sarki, bakinka.” Ya cire agogonsa ya ajiye a tebur.

Sha'aibu bai yi gaggawa ba. Ya jingina da bango, ya harɗe hannu, ya kumbura wuya irin na sarauta.

“Wa nika gani haka? A'a, Ɓarkau na. Sannu da hanya.” Ya dubi Lawali da tausayi. “Kai matuƙi, wa yaɗ ɗunka muku rigunan sama? In shi na, don Allah kada ku durƙusa gabana. Na yahe gaisuwa. Nan ba Dingyadi ta ba, in ta ɓarke iskan ku ka hita.”

“Ɗaya,” in ji Malam. “Biyu.”

Kunnuwan Bilyaminu suka ɗau zafi. Ya ji haushi, haushi na gaske, ya ji kunyar ranar nan ta dawo sabuwa fil, da fuskar surukin da ya kau da kai, da yaran da suka bi shi har bakin titi. Harshensa ya yi nauyi da maganar da in ya faɗa sai Goggo Ladi ta zo gida da kanta. Malam ya kai biyar, idonsa a kan fuskarsa. Lawali ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa.

A shida ne hoton ya zo masa ba da sonsa ba. Ya ga su ukun a jere cikin fararen rigunan sama, sun durƙusa cikin ladabi, sai fiii, kowa ya tashi sama yana juyi kamar balan-balan da aka saki. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ta ƙi. Dariya ta ƙwace masa ta hanci, ta dawo ta baki, har ya dafa tebur taswira ta zame.

“Goma,” in ji Malam.

“Ranka shi daɗe,” Bilyaminu ya ce yana share hawaye, “ai ango har godiya yay yi mani. Ranar zahi aka yi.”

Nan Sarkin Toka ma ya faɗi daga karaga don dariya. Sai da matar Malam ta aiko a tambaya ko lafiya.

Da suka dawo hayyacinsu Bilyaminu ya shiga madafin 'Yan Toka ya cinye wani abu mai motsi, sannan ya zare mabuɗin rumbun ƙanƙara daga wuyan sarki. Lawali ya yi ta jidar ruwa yana waƙa. Malam ya buɗe littafinsa na rubutu, ƙarƙashin ƙwarewa huɗu na asali ya ja layi ya rubuta ta biyar. Bilyaminu yana kallon alƙalamin yana tafiya, farin ciki ya cika shi har bai san inda zai sa hannunsa ba.

“Na yarda,” in ji Sha'aibu. “Saura nawa. An ce in ɗauki abu guda, wanda nig ga dama.”

“Ɗauki,” in ji Bilyaminu da fara'a. “Takalmin sama kaka so, ko hular?”

Sha'aibu ya miƙo hannu ta kan taswira, ya ɗora yatsunsa masu baƙin mai a kan takardar simintin.

“Wagga nika so. Injiniyana ya gaji, mako mai zuwa ni a Taubashi.”

Bilyaminu ya cafke ɗaya gefen. Abin da ya ƙera da hannunsa, ko sau biyu bai hau ba, zai koma hannun mutumin da ya fi kowa kaifin baki daga Bodinga har Shagari. Ya juya wajen Malam don ya raba gardama. Malam dai ya sake jawo agogon gabansa, ya zuba masa ido.

Takardar ta miƙe tsakaninsu. Bilyaminu ya dubi layi biyun da ya rubuta a ƙasa, rubutunsa ne, ba na kowa ba. Ya saki.

“Ka wanke hannu kahin ka buɗe ta,” ya ce. “Malam, nuna mani shahin injiniya.”