Fentin Da Ya Ƙi Bushewa

Tun ranar da ta fara aiki a kamfanin fentin kawunta ma'aikata suka laƙaba mata Kakaki, sunan kuwa ya bi ta har gida. Ta karanci hulɗa da jama'a, ta dawo da takardar shaida da manyan kalmomi cike da baki. Kawu, yayan mahaifiyarta, ya ba ta tebur a kusurwar ofis, tsakanin na'urar buga takardu da tarin gwangwanayen gwaji. Aikinta bai wuce ɗaukar hoton gwangwani ta saka a shafin kamfani ba, don shi Kawu a ganinsa kaya mai kyau ba ya bukatar mai yi masa magana.

Wata safiya tana cikin mota za ta ofis ta ci karo da wani bidiyo a wayarta. Wata mai shagon gyaran gashi ce ta sayi koren fentinsu, aka shafe mata bencin da masu jiran layi ke zama. An kwana biyu, fenti ya yi kamar ya bushe, sai wata mata ta zo da farar riga ta zauna. Da ta miƙe, bayanta ya koma kamar gonar da aka yi wa kunya. Mai shagon ta haska rigar, ta haska bencin, sannan ta ɗaga gwangwanin ta juya sunan kamfanin ya kalli duniya.

Kakaki ta san an shiga matsala, amma can ƙasan zuciyarta akwai ɗan daɗi. Yau dai karatunta zai yi rana. Kafin ta sauka har ta tsara abin da za a yi daki-daki.

Ashe an riga ta. Ta tarar da Kawu a ofishinsa, tabarau a kan karan hanci, waya a hannu, fuska ɗauke da gamsuwar wanda ya gama aiki.

"Na riga na ba ta amsa," in ji shi. "Ba sai kin wahala ba."

Ta karɓi wayar. Da shafin kamfani ya rubuta: "Fentinmu ba ya kuskure. A nemi wanda ya iya shafawa."

A ƙarƙashin wannan magana mutane sun yi dafifi. Wani ya sako hoton ƙofarsa da sawun tafin yara a jiki. Wata ta ce kyanwarta ta koma koriya. Masu sana'ar shafa fenti kuwa, waɗanda su ne manyan masu sayen kayan kamfanin, sun taso a fusace suna tambayar tun yaushe suka zama marasa iyawa.

"Kawu, da ka jira ni."

"In jira ki ana zagin fentina? To goge shi in bai yi miki ba."

"Ba ya goguwa. Sun riga sun ɗauki hotonsa. In muka goge, laifi ya zama biyu." Ta ja kujera ta zauna. "Kafin mu sake cewa uffan, mu fara sanin gaskiyar abin. Fentin yana da matsala ko ba shi da ita?"

Kawu ya buɗe baki zai rantse, sai ya fasa, ya aika a kira shugaban sashen haɗi. Mutumin ya shigo yana murza hula a hannu. Ya ce ya duba, gaskiya akwai haɗi guda na kore da ya fita ba tare da isasshen sinadarin busarwa ba, bututun da ke zuba shi ne ya toshe. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, duk da babu abin da ya same shi.

Kafin rana ta take, Kakaki ta gano kamfanin yana da bakuna fiye da gwangwanaye. Direba ya gaya wa mutane a gidan man fetur cewa aikin maƙiya ne. Mai karɓar baƙi tana ce wa duk wanda ya kira, "Ba mu da labari." Mai kula da sito kuwa ya shaida wa wani dillali cewa laifin damina ne, alhali ko gajimare babu. Ta tara su a farfajiya ta roƙe su da girman Allah kowa ya ja bakinsa ya tsuke, duk mai tambaya a turo mata shi. Direba ya ce shi dai har yanzu yana zargin maƙiya, amma zai yi zarginsa a zuci.

Sannan ta koma teburinta ta duƙufa rubuta sanarwa. Ta goge, ta sake, ta zuba duk abin da ta koyo. Da ta gamsu ta kai wa Kawu, ta gyara murya ta karanta:

"Kamfani na sane da wasu rahotanni da ke nuni da yiwuwar samun ƙalubale ta fuskar gamsuwar wani rukuni na abokan hulɗa, kuma yana ci gaba da nazarin lamarin tare da masu ruwa da tsaki domin lalubo bakin zaren."

Kawu ya dube ta.

"'Yar nan, mun yi laifi ne ko ba mu yi ba? Ni mai kamfanin ban gane ba, balle matar da rigarta ta lalace."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ce haka ake rubutawa. Ya ce to shi ya sa ba ya karantawa. Ya karɓi biro ya ce bari ya nuna mata, ya rubuta: "Ku yi haƙuri, amma ku ma da kun taɓa da yatsa kafin ku zauna."

"Kawu, haƙurin da aka bi shi da amma ai an karɓe shi ke nan."

Haka suka zauna, shi yana tsince mata masu ruwa da tsaki, ita tana tsince masa kalmar "amma", har takardar ta rame ta koma magana irin ta mutane. Sun ce haɗi guda na koren fenti ya fita da matsala, laifin nasu ne ba na masu shafawa ba, amsar farko da suka bayar ba ta dace ba, kuma duk wanda ya saya ya kira lambar da ke ƙasa a je a gyara masa. Kawu ya yi ta kallon jimlar nan ta amsar farko kamar mai kallon allura, daga baya ya ce a saka.

"Saura zuwa wurin mai shagon," in ji Kakaki.

"Ba mun rubuta ba?"

"Rubutu na jama'a ne. Ita da ƙafa ake zuwa mata."

Washegari Kawu ya fito cikin fararen kayansa na zuwa taro. A mota ta yi ta bita da shi: ya bar matar ta gama magana, kada ya katse ta, kada ya kawo tarihin kamfani, kada ya yi alkawarin abin da ba za su iya ba. Ya ce ta ɗauke shi yaro ne? Ta ce a'a, yaro yana jin magana. Ya harare ta ta gefen tabarau, direba ya yi tari.

Shagon ɗan ƙarami ne, madubai a kowane bango, ƙamshin man gashi ya cika shi, mata na tsaye don babu mai yarda da benci. Mai shagon ba ta ajiye matajin da ke hannunta ba. Ta fara tun daga ranar da ta sayi fentin, ta bi ta kan kunyar da ta sha, ta dire a kan amsar da aka ba ta a shafi. Kakaki na ganin maƙogwaron Kawu yana hawa yana sauka, kalmar "amma" na neman hanyar fita. Ya haɗiye ta.

"Baiwar Allah," ya ce da ta gama, "fentin namu ne, kuskuren namu ne, amsar nan kuwa da hannuna na rubuta ta. Ki yafe mana. Yau za a kankare bencin a sake shafawa, matar da rigarta ta ɓaci kuma za mu maye mata."

Mai shagon ta sauke matajin. Ta ce ita da ma abin da take so ta ji ke nan. Kakaki ta saki numfashi, har ta fara tunanin yadda za ta ba da wannan labari a gida.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya rasa ta cewa. Kawu ya juya ya dubi bencin da idon gwani, ya karkata kai, ya ce, "Ai ina ganin yanzu ma ya kama." Kafin ta kai hannu ta riƙe shi, ya zauna.

Tashin ya fi zaman wuya, don sai da bencin ya yi ƙara kafin ya sake shi. Mata suka sa gefen hannu a baki, wayoyi suka fara leƙowa daga jakunkuna. Kakaki ta rufe ido. Duk karatunta babu babin da ya yi maganar wannan.

A shagon gyaran gashi mutum ba ya bukatar a gaya masa halin da bayansa ke ciki. Kawu ya gani ta madubin hagu, ya tabbatar ta na dama. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa.

"Ɗauki hoton, baiwar Allah," ya ce wa mai shagon. "Ki saka, ki ce mai kamfanin ya zo da kansa ya yi bincike, kuma kin fi shi gaskiya."

Hoton ya zaga fiye da bidiyon farko. Masu shafa fenti suka huce, har wani ya rubuta cewa a nemi wanda ya iya zama. An janye sauran koren daga shaguna, an gyara wa waɗanda suka kira, direba ya kai Kawu gida zaune a kan kwali.

Lambar ƙorafin da aka buɗe kuwa, Kawu ya ce a ajiye wayar a teburinsa, shi zai riƙa ɗauka. Ashe mutumin ya ɗanɗana sauraro ya ji daɗinsa. Duk wanda ya kira sai ya tambaye shi launin ɗakinsa, da wanda ya zaɓa, da dalilin da ya sa bai sa shuɗi ba. Ba a jima ba sabon ƙorafi ya fara shigowa shafi: lambar kamfani kullum a kan kira take.

Kakaki ta shiga ofishinsa don ta yi masa maganar. Ta same shi ya jingina, waya a kunne, yana tambayar wani dattijo yadda gwiwarsa ta kwana. Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ya rufe bakin wayar ya ce da ita a hankali, "Ba a katse abokin ciniki."

Ta ja kujera, ta shafa ta da yatsa tukuna, sannan ta zauna jira.