Ba Mu Da Zomo A Nan

Karo na huɗu ke nan hoton yana fitowa fari fat. Muhsinat ta ƙura wa kwamfutar ido har ya fara yi mata yaji, ko ɗan baƙin layin nan zai tausaya ya bayyana. Ina! Ko ɗigo babu.

Layin kuwa shi ne digirinta kacokan. Shekara biyu tana bin sawun wani enzayim, sinadarin da ke daddatsa RNA, wato saƙonnin da ƙwayar halitta ke aikawa, da zarar sun gama amfani. Ta ce yana ƙaruwa a hantar ɓeraye masu zazzaɓi, malamanta suka ce ta nuna musu. Ido ba ya ganinsa, sai da wasu sinadarai iri biyu da ake kira antibodi. Na farko, wanda ake samowa daga jinin zomo, shi ke nemo enzayim ɗin ya maƙale masa. Na biyu ya nemo na farko ya haska shi, amma sai in shi ma an yi shi ne don gane na zomo. Ranar Juma'a za a rufe karɓar kundi, wanda ya makara sai baɗi, yau kuma Laraba. Kwalbar na farkon, da ba ta fi ɗan yatsan jariri ba, jiya ta tatse ta ƙarƙaf.

Babu wanda ba ta zarga ba. Ta zargi firiji, ta zargi zafin Maiduguri, ta zargi hannayenta, har ɓerayen ma bayin Allah sun sha harara.

Madam Dorothy, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin gwajin, ta ɗauki kwalbar na biyun tana jujjuyawa. An naɗe ta da farin tef mai lambar sito, kamar duk abin da ya bi ta hannun Ba Madu, mai kula da kaya. Ta sa farce ta ɓare tef ɗin, ta gyara tabarau.

"Muhsinat, wannan ai na ɓera ne."

"Na zomo na rubuta, Madam."

"To, na ɓera ya zo. Ko shekara za ki yi kina zubawa, ba zai gane ɗan zomonki ba."

Ba ta san lokacin da ta isa sito ba. Ba Madu na zaune cikin dogayen kantocinsa, komai a jere tsaf. Dattijo ne mai kirki, abin da ya fi ba ta haushi ke nan, don mai kirki ba shi da daɗin yi wa tsawa.

"Wushe, sannu 'yata. Lafiya kike haki?"

"Ba Madu, wa ya canza mini oda?"

Fuskarsa ta washe. "Au, kin gani? Ni ne. Na ga kin rubuta zomo, na ce yarinyar nan gajiya ce ta yi mata yawa. Shekara ashirin ina wurin nan, ba mu da zomo. Ni ke sayo wa ɓerayenki dusa, ai na san abin da kike kiwo. Na gyara, ban ma faɗa wa Farfesa ba don kada ki ji kunya."

Ta yi bayani sau biyu. A na biyun murmushinsa ya dushe, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Yinin ranar Madam Dorothy ta ƙarar da shi a waya, tana neman inda za a samo antibodin da ya dace. Kano babu, na Jos ya lalace. Wani a Ibadan yana da shi, amma ya tafi taro da makullin firijinsa, sai Litinin.

Da safiyar Alhamis Muhsinat na cike takardar ɗage karatu zuwa baɗi, sai ga Ba Madu ya turo ƙofa, rungume da kwali mai huji. Ya ajiye a kan teburinta a hankali, ya buɗe. Farin zomo ne, ƙato, yana ta motsa hanci.

"Tun asuba na je Gomari, wajen wani mai kiwo. Ki ɗebi abin da kike so a jikinsa, 'yata. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Madam Dorothy ta juya baya, kafaɗunta na girgiza. Muhsinat ta so ta yi ihu, ta so ta yi kuka, sai ta ga har gashin zomo a jikin rigarsa ta zuwa aiki.

"Ba Madu, ba haka ake yi ba," ta ce a sanyaye. "Na biyun ma a jikin akuya ake yin sa, kuma watanni ake..."

"Akuya?" Idonsa ya kawo haske. "Haba 'yata, me ya hana ki faɗa tun jiya? Uku gare ni a gida!"

Kafin ta sake buɗe baki ya kai bakin get. Ta zauna, ta ja takardar ta sa hannu. Zomon ya miƙo wuya daga kwali, ya fara gutsurar gefen littafin gwajinta, ita kuma ba ta hana shi ba.